Yadda Ake Ƙirƙirar Katin Baƙin Aljani a Wasan Magic, a Kuma Daidaita Ƙarfinsa

Tun da na nuna katin da na ƙirƙira, wanda na raɗa wa suna Mai Bin Bashi, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: ta ina ake farawa, kuma yaya mutum zai gane katinsa bai fi ƙarfin wasan ba? Wasu sun turo mini nasu katunan in duba, kuma kusan duk ciwo ɗaya ke damun su. Aljanin ƙato ne, yana tashi sama, yana kisa, amma mai shi ba ya biyan komai. Ga yadda nake bi, daki-daki, a wasan kati na Magic: The Gathering na kamfanin Wizards of the Coast da ke Amurka.

Kafin mu shiga, mu daidaita kalmomi. Abin da ake biya a sauke kati sunansa "mana" a wasan, amma tunda kalmar tana karo da tamu ta Hausa, zan riƙa cewa makamashi. Tarin katunan da kake wasa da su zan kira shi dami. Lambobi biyun da ke ƙasan kati, kamar 5/5, na farko ƙarfin duka ne, na biyu juriya. Halittar da wasan ke kira Demon kuwa ita ce baƙin aljani a bakina, domin katunan wasan launi-launi ne, su kuwa kusan dukkansu a baƙin launi suke.

1. Tanadi kayan aiki

Ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Kana buƙatar biro da takarda, almakashi, rigunan kati na leda masu duhun baya (galibi ɗari-ɗari ake sayar da su), da tsofaffin katuna da za ka sa a baya don takardar ta yi ƙwari. In ba ka da rarar katunan Magic, karta ta gama-gari mai faɗin nan tana yi, don girmansu kusan ɗaya ne: milimita 63 a faɗi, 88 a tsawo. A kwamfuta, manhajar Magic Set Editor kyauta ce, ita ke tsara fuskar kati. Shafin Scryfall ma kyauta ne, a nan za ka binciki katunan da aka riga aka buga. Kuɗin da zai fita aljihunka na riguna ne da na bugawa a shagon masu fotokofi.

Gargaɗi: kada ka buɗe manhajar zane yanzu. Duk wanda ya fara da hoto mai kyau, sai ya ƙi sauya lambobin daga baya, don ya riga ya ƙwallafa rai.

2. Zaɓi filin da katin zai taka

A irin wasan mutum biyu, kowa na farawa da rai 20 (wanda nasa ya ƙare ya faɗi), dami kuma kati 60 ne aƙalla, ana iya sa kati iri ɗaya har guda 4. A tsarin Commander kuwa rai 40 ne, dami kati 100, kowane kati guda ɗaya tak in ban da katunan ƙasa na asali (masu samar da makamashi), kuma galibi mutum huɗu ke zama. Wannan bambanci shi ke yanke komai a harkar aljani, saboda da rai ake biyansa. Griselbrand, wanda ya fito a 2012, yana ba ka damar biyan rai 7 ka ɗauki kati 7. Mai rai 20 sai ya yi tunani. Mai rai 40 ko a jikinsa, kuma a tsarin Commander an haramta katin. Rubuta a saman takardarka filin da kake nufi. Nawa na wasan mutum biyu ne, mai rai 20.

3. Rubuta yarjejeniyar a jimla ɗaya

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma na fi so ku daɗe. Baƙin aljani a wannan wasa bashi ne: yana ba ka ƙarfin da ya wuce kuɗinka yau, ya dawo karɓa gobe. In ka cire biyan, abin da ya rage ƙaton dabba ne mai fiffike, kuma wasan na da dodanni masu yawa irin wannan. Don haka kafin ka rubuta lamba ko ɗaya, cike wannan jimla da Hausa: "Yana ba ni kaza, yana karɓar kaza."

Dubi yadda kamfanin wasan ya yi nasa. Lord of the Pit, tun bugun farko na 1993, makamashi 7 ne, 7/7, yana tashi sama yana tattake masu tare shi, amma a farkon kowane zagayenka sai ka ba shi wata halittarka ya cinye, in babu ya yi maka dukan 7. Abyssal Persecutor na 2010 makamashi 4 kacal, 6/6, amma muddin yana fili ba za ka iya cin wasan ba, abokin karawarka kuma ba zai faɗi ba, sai ka nemi hanyar kashe abinka da hannunka. Desecration Demon na 2012 shi ma 4 ne, 6/6 mai tashi, sai dai an miƙa linzamin ga abokin karawa: in ya yarda ya sadaukar da halittarsa, aljanin ya kwanta a wannan karon, amma ya ƙara girma. Master of the Feast na 2014 makamashi 3, 5/5 mai tashi, kuma duk zagaye abokin karawarka na samun ƙarin kati. Kowannensu da irin kuɗin da yake karɓa: halitta, rai, kati, ko nasarar kanta.

Zaɓi kuɗi iri ɗaya, ka tsaya a kansa. Jimlata ita ce: "Yana ba ni ƙaton mayaƙi da wuri, yana karɓar rai, kuma bashin na ƙaruwa duk zagaye." Daga nan sunan ya fito. Duk wanda ya taɓa ganin yadda bashi ke hayayyafa in an bar shi ya kwana ya san irin fargabar da nake so mai katin ya ji.

Gargaɗi: tambayi kanka ko biyan nan da gaske biya ne. Baƙin dami na son halittunsa su mutu, yana son katuna su shiga maƙabarta, wato inda ake tara katunan da suka mutu ko aka zubar, don ya tayar da su. In ka rubuta "zubar da kati daga hannunka" ko "sadaukar da halitta duk lokacin da ka ga dama", wataƙila kyauta ka bayar kana zaton haraji ka ɗora.

4. Sa farashi da girman jiki

Ma'aunin farko mai sauƙi ne. Halittar da ba ta da wata baiwa, ƙarfinta da juriyarta sukan yi daidai da farashinta, ko su ɗara kaɗan. Grizzly Bears makamashi 2 ne, 2/2. To, halitta mai makamashi 4 za ka sa ran 4/4 ko kusa da haka, in kuma tana tashi sama sai jikin ya ragu, don tashi tsada gare shi: wanda ba shi da mai tashi ko mai kai hannu sama ba ya iya tare ta. Duk abin da ka ɗora a kan wannan ma'auni, shi ne bashin da matakin baya zai biya.

Yanzu shiga Scryfall ka rubuta t:demon mv=4 a wurin bincike. Zai jero maka aljanun da farashinsu 4 ne. Karanta su duka, ka ware uku da suka fi kama da naka. A nan na ci karo da Grinning Demon na 2002: makamashi 4, 6/6, mai shi na asarar rai 2 duk zagaye, kuma ba ya tashi. Zubin katina na lokacin 6/6 ne mai tashi da asarar rai 2. Wato na ɗauki katin da ke akwai na ƙara masa fiffike ban ƙara ko sisi ba. Sai na rage shi zuwa 5/5.

Kula da yawan baƙin makamashi a farashin. Na sa biyu baƙi, biyu kowane launi. In baƙi ɗaya ne kawai, kowane dami zai iya aro shi ya tsoma. In uku ne, sai mai baƙin dami zalla.

Gargaɗi: baƙin launi kansa sulke ne. Doom Blade, sanannen katin kisa mai makamashi 2, ba ya taɓa baƙar halitta. Lightning Bolt kuma dukan 3 yake yi, ba zai kayar da mai juriya 5 ba. Saboda haka kada ka ƙara wa aljaninka wata kariya. Bar wa abokin karawa ƙofar kashe shi da irin su Murder ko Swords to Plowshares.

5. Yi lissafin agogo biyu

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, alhali minti biyar yake ci. Aljani na da agogo biyu: zagaye nawa zai ɗauka ya kashe abokin karawa, zagaye nawa zai ɗauka ya kashe ka. Daidaito na tsakanin su biyun.

Ga ƙa'idar Mai Bin Bashi: a farkon zagayenka, ɗora masa ƙwayar bashi ɗaya (alamar ƙirga da ake ajiyewa a kan kati), sannan ka yi asarar rai daidai da yawan ƙwayoyin da ke kansa. Ka sauke shi a zagaye na 4. Ba ya kai hari a zagayen da ya sauka. Zagaye na 5 ka biya 1, ka daki 5, abokin karawa ya koma 15. Na 6 ka biya 2, ya koma 10. Na 7 ka biya 3, ya koma 5. Na 8 ka biya 4, ka gama da shi. Jimillar abin da ka biya 10, rabin ranka ke nan, kuma wannan in komai ya tafi sumul, ba a tare ka ba, ba a dake ka ba. In aka tare shi sau ɗaya, bashin ya kai 15. In aka tare sau biyu, 21, ka mutu a hannun abinka. Da na ga wannan lissafi a takarda na san na kama hanya, domin tazarar da ke tsakanin ci da faɗuwa zagaye biyu ce kacal.

Gwada lambobinka haka. In agogon mutuwarka ya ninka na nasara sau biyu ko fiye, biyan ado ne kawai. In kuma ya riga na nasara bugawa, babu mai hankalin da zai sa katin a daminsa. A tsarin Commander lissafin nan ya rushe gaba ɗaya, don sai a biya na 9 bashin ke haura 40. Shi ya sa na ce a zaɓi fili tun farko.

6. Bar ƙofar fita, amma mai tsada

Kati mai daɗi shi ne wanda ke sa mai shi yanke shawara. Sai na ƙara layi na biyu: biya makamashi 2, ɗaya baƙi, ka sadaukar da wata halitta, ka cire ƙwayar bashi ɗaya. Yanzu kowane zagaye da tambayarsa: in sauke sabon mayaƙi, ko in yanka wanda nake da shi in sayi numfashi?

Gargaɗi: ƙofar da babu kuɗi a kanta, babu iyaka, ita ke haifar da sarƙar da ba ta ƙarewa idan ta haɗu da wani kati. Sa mata farashi, ka kuma rubuta cewa sau ɗaya ake amfani da ita a zagaye.

7. Rubuta ƙa'idar da harshen wasan

Ka riga ka rubuta da Hausa, yanzu mayar da ita salon da katunan ke bi, don wasan ba ya karanta niyya, abin da ke rubuce yake bi. Hanya mafi aminci ita ce ka nemo katin gaske mai irin aikin, ka bi tsarin jimlarsa. Baiwar da ke tashi da kanta tana farawa da When, Whenever ko At. Wadda kai kake tayarwa kuwa, abin biya na gaba, sai ɗigo biyu, sai sakamako. Kalma ɗaya na juya kati: "farkon zagayenka" daban da "farkon kowane zagaye", wanda a teburin mutum huɗu zai ninka biyan sau huɗu. In ka manta kalmar "wata" a wajen sadaukarwa, aljanin zai iya cinye kansa, mai shi ya tsere wa bashin a arha.

Ga kuskuren da na tafka a zubin farko, don kada ku maimaita. Na ba shi baiwar zuƙar rai, wadda ke ƙara maka rai daidai da dukan da halittar ta yi, sannan na rubuta cewa yana yi wa mai shi dukan 2 duk zagaye. Muna zaune kan tabarma da abokin wasana, ya ɗaga katin ya karanta sau biyu, ya ajiye, ya ce, "Malam, ai wannan da hannun dama yake karɓa ya mayar maka da hagu." Gaskiyarsa. Dukan da ya yi mini shi ma duka ne, don haka rai 2 ya fita, rai 2 ya dawo. Abin da na gina katin a kansa ya tashi a banza. Duka ana iya kare shi, ana iya juya shi. Asarar rai ba a kare ta da abin kare duka. In kana so bashin ya ciji mai shi, rubuta asarar rai. Zuƙar ran kuwa na cire ta ɗungurungum.

Kada rubutun ya wuce layi shida ko bakwai. In sai ka ƙanƙance haruffa kafin ya shiga, kati biyu ka cusa a ɗaya.

8. Nemi hanyar karya katinka da kanka

Zauna ka zama maƙiyin katin. Ga tambayoyin da nake yi. Me zai faru in ya sauka da wuri? Dark Ritual na mayar da makamashi 1 ya zama 3, don haka aljani mai farashi 4 na iya sauka a zagaye na 2. A nawa, bashin ma da wuri yake farawa, sai na bar shi. Me zai faru in ba a biya farashinsa ba sam? Entomb na jefa kati maƙabarta, Reanimate na tayar da shi, kowannensu makamashi 1. Wannan ya fi shafar manyan aljanu masu farashi 7 ko 8. In tsada ce kaɗai ke riƙe da aljaninka, to babu abin da ke riƙe da shi. Me zai faru in aka miƙa wa abokin karawa shi? Harmless Offering na yin haka, kuma Mai Bin Bashi da ƙwaya biyar a kai kyauta ce mai kisa. Na bar wannan da gangan, don sai an haɗa kati biyu an kuma jure zagaye da yawa kafin a kai can. Sannan akwai masu haifar da ƙananan halittu duk zagaye: tun da daɗewa 'yan wasa ke haɗa Lord of the Pit da Breeding Pit don ciyar da shi. Samun dabara irin wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a same ta da kati ɗaya mai arha, ta shafe biyan baki ɗaya.

9. Buga na gwaji, ka yi wasa da shi

Rubuta katin da biro a guntuwar takarda, ka zura a riga tare da tsohon kati a baya. Yi guda 4, ka sa a dami na gaske. Ka kara da dami aƙalla iri uku: mai saurin kai hari da ƙananan halittu, mai yawan katunan kisa, da mai jan wasa ya yi tsawo. Ni nakan yi wasa ashirin kafin in taɓa lamba, kuma rabinsu nakan ba abokina damin aljanin in karɓi nasa, don mai kati ba ya ganin aibin katinsa sai an dake shi da shi.

Bayan kowane wasa rubuta abu huɗu: zagayen da ya sauka, ran da ya ci maka, yadda ya bar fili, da wanda ya yi nasara. Akwai na biyar da ba lamba ba ne, kuma ya fi su muhimmanci a wurina: shin ka taɓa riƙe shi a hannu, da makamashin sauke shi, ka yi jinkiri? In ba ka taɓa jinkiri ba, ya yi ƙarfi da yawa. In kullum jinkiri kake har wasa ya ƙare yana hannunka, ya yi rauni.

Gargaɗi: sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Akwai lokacin da na ƙara layin da ke cewa in ya mutu, mai shi zai biya duk ƙwayoyin da ke kansa. A takarda ya yi ma'ana, bashi ba ya mutuwa. A tebur kuwa, abokin karawa sai ya jira ƙwaya ta taru ya kashe shi, ka yi asarar katin da ran tare. Wasa shida muka yi babu wanda ya so sauke shi. Da yake shi kaɗai na sauya, nan take na gane mai laifin, na goge layin.

10. Suna, hoto da bugun ƙarshe

Sai yanzu za ka buɗe Magic Set Editor. A layin nau'in halitta rubuta Demon, domin a wasan Djinn da Efreet da Devil kowanne nau'i ne mai zaman kansa, kuma katunan da ke taimakon wani ba sa taimakon wani. Juzám Djinn na 1993 baƙi ne, yana kuma cizon mai shi duk zagaye, amma a ƙa'ida ba ya cikin dangin da muke magana.

Wajen suna da 'yar jimlar ado ta ƙasa, ina roƙonku ku kiyaye. Wasa ne na ƙage, a bar shi a ƙage. Kada a sa aya, ko sunan Allah, ko wani abin da mutane ke girmamawa a addininsu a jikin katin da za a riƙa jefawa a ƙasa. Kamfanin da kansa ya cire wasu tsofaffin katuna daga wasa a 2020 saboda sun taɓa mutuncin jama'a, cikinsu har da Jihad da Crusade. Sunan da ke faɗin aikin katin ya wadatar: Mai Bin Bashi, Mai Cin Alkawari, Uban Riba.

Hoto kuwa, in ba kai ka zana ba, nemi izinin mai shi, ka rubuta sunansa a ƙasan katin inda aka tanada. Takardar A4 ɗaya na ɗaukar kati 9, uku a jere sau uku. Ka gaya wa mai shagon ya buga a ainihin girmansa, kashi 100, kada ya bar na'ura ta daidaita shi da shafi, in ba haka ba katin zai fito ƙarami ya riƙa yawo cikin riga. Buga shafi ɗaya baƙi da fari tukuna, ka auna da rula, sannan a yi mai launi.

Gargaɗi na wannan mataki: katin da ka ƙirƙira ba ya shiga gasar da kamfanin ya amince da ita, kuma ƙa'idarsu ta ayyukan masoya ba ta yarda ka sayar da shi ba. Na wasa ne tsakanin abokai. Kafin a raba kati, fito da shi ka miƙa wa kowa ya karanta, ka faɗi guda nawa ke cikin daminka, in wani ya ce bai yarda ba ka cire ka sa wani a madadinsa.